Sawun Kaza a Gindin Gilashi

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan angaribinsa, gadon igiyar nan na ƙarƙashin rumfa, kofin shayinsa na ajiye a ƙasa bai kai ga sha ba. Kafin azahar maza sun kai shi makwancinsa, kafin la'asar maƙwabta sun tare layinmu na Hillat Kuku, a nan Hartum, da rumfar makoki. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, a kan wannan ba ni da ta cewa. Abin da ya hana ni sakat har na ɗauki biro shi ne abin da kunnena ya ji a kwana ukun da muka yi a zaune.

Mutanenmu dai sun yi kuka na gaskiya. Tsohuwar da ta yi shekaru tana sayar da shayi a ƙofar kwalejin kimiyyar da ya yi wa aiki ta taso tun daga Dar Salam, hafila, wato bas, har uku ta canja da ciwon gwiwarta, ta faɗo tsakar gida tana rusa kuka. Da ta samu numfashi sai ta kama laƙabinsa na wurin aiki ta ce, "Wayyo Usta! Mutumin da bai taɓa shan shayina da zafi ba. In miƙa masa, ya ajiye, ya ce bari ya huce. Har na ce masa wata rana, to ka sha ruwan randa mana ka huta!" Mata suka fashe da dariya, hawaye na zuba. Mai ful na bakin layi, mai dafaffen wake, ya rufe shago ya aiko da tukunyar gaba ɗaya. Danginmu na unguwar Mayo suka zo da godo-godo, irin furar mutanenmu, cikin manyan robobi, suka ƙwace murhu daga hannunmu, suka ce mu zauna kawai.

Rana ta biyu da la'asar sai ga mutanen kwaleji, motoci huɗu, jallabiyoyi farare tas. Tagar ɗakin Inna, matar Kawu, tana kallon rumfar maza, saboda haka duk abin da aka faɗa a can yana shigo mana. Suka ɗaga hannu aka yi Fatiha, aka kawo musu shayi. Sai babbansu ya gyara murya ya ce da Larabci, "Usta mutum ne mai amana. Kayan da Turawa suka bar mana tun zamanin da, shi ya riƙa share musu ƙura shekara da shekaru, ko tsagewa ɗaya babu. Irin waɗannan masu shara sun ƙare." Sauran suka ce haka ne, haka ne. Na leƙa ta gefen labule. Yayana, wanda muke ciki ɗaya da shi, wanda yau Dakta ne a kwalejin nan, yana zaune a tsakiyarsu cikin jerin masu zuwa gaisuwa, ba cikin masu karɓarta ba. Yana gyaɗa kai.

Mai shara! Na miƙe zan fita ko tobina na lulluɓi ban gyara ba, Inna ta damƙe mini wuyan hannu. Ta riƙe ni har motocin suka tashi.

To bari in faɗi ko shi wane ne. Sunansa ba za ku gani a nan ba. A gidanmu ba a kama sunan wanda ya riƙe ka. Tunda na buɗe ido ban taɓa furta shi ba, ko ɗan maƙwabta mai irin sunan "mai sunan Kawu" nake kiransa. Wan mahaifiyarmu ne, an haife su shi da ita a wani kambo, wato sansanin masu tsinkar auduga, a Jazira. Da iyayenmu suka rasu a damina guda, ina da shekara huɗu, Yaya na da tara, Kawu ya je ya kwaso mu. Allah bai ba su haihuwa ba shi da Inna, kuma ko da wasa ba su taɓa nuna mana ba su suka haife mu ba. Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa har ya koma ga Allah Uwata yake ce mini.

Shara ce ta kai shi kwalejin yana saurayi, wannan kam gaskiya ne. A lokacin akwai wani tsohon Bature mai hura gilashi a ma'amal, wato ɗakin gwaje-gwaje. Kawu na shara yana satar kallo, har Baturen ya lura, ya miƙa masa guntun bututu ya ce gwada. Da tsohon ya koma ƙasarsu babu wanda ya iya aikin sai Kawu. Daga nan kowa ya koma ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Takardar aikinsa ce kawai ba wanda ya waiwaya. Mai shara ta ce ranar da ya shiga, mai shara ta ce ranar da ya yi ritaya.

Ga wanda bai sani ba: shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce masana a Turai suka matsu su san abin da ke cikin ƙwayar zarra, abin da ido ba ya gani. Da gilashi suka fara ganowa. A hura kwalba, a dasa ƙarfe a kowane baki, a zuƙe iskar da ke ciki, a sakar mata lantarki, sai ka ga gilashin ya kama wani haske kore. Irin waɗannan kwalabe aka kawo kwalejin tun zamanin Turawa don koyarwa. Amma gilashi gilashi ne, ɗalibai kuma ɗalibai ne. Wannan ta fashe, waccan ta sha iska ta daina haske. Duk wadda ta mutu Kawu ya hura wata ya maye gurbinta, har aka wayi gari na asalin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Kuma ana iya gane nasa. Kakana bai iya rubutu ba. A gonar auduga kowane mai tsinka yana da alamar da yake yi wa buhunsa da gawayi don kada a haɗa da na wani a wurin awo, ta kakana sawun kaza ce, zane uku da suka haɗu a wuri guda. Kawu ya gaje ta. Duk abin da ya hura, kafin ya huce sai ya ja siririn zaren shuɗin gilashi ya ɗiga sawun kaza, yawanci a gindinsa, ƙarami, bai kai farcen jariri ba. Da ragowar bututun da za a zubar yake yi wa Inna kofunan shayi, su ma kowanne da nasa sawun. In ka shanye shayi ka karkata kofin sai ka gan shi.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ne muke shan daɗi da wahala a tare. Sai ya kwashe barguna ya toshe taga da ƙofa don ɗakin ya yi duhu, a wannan zafin na Hartum, Inna na faɗa daga waje wai zai dafa mata 'ya'ya da ransu. Ya jona akwatin lantarkin da ya naɗa wayarsa da hannunsa a batirin mota, kwalbar ta kama haske. "Uwata, dubi. Abu ne ke gudu daga wannan baki zuwa wancan. Ba kya ganinsa, amma ga sawunsa." Ya matso da maganaɗisu, hasken ya karkata, ya janye, hasken ya dawo. Mu gumi na zuba, bakinmu a sake. A ɗakin nan Yaya ya zama Dakta, a ɗakin nan na zama malamar kimiyya, makarantu sun dai sa hannu ne daga baya.

Akwai kwalba ɗaya da ya fi ji da ita, mai 'yar fanka a ciki a kan layukan gilashi biyu. In an saki lantarki sai fankar ta riƙa mirginawa daga wannan gefe zuwa wancan. Kawu ya ce abin nan mai gudu ne ke tura ta da ƙarfinsa. Da na shiga makarantar horon malamai na karanta cewa masana sun dawo sun gane yawanci zafi ne ke juya ta. Na zo da rawar kai na gaya masa a kan tiren abinci. Ya ajiye lomar tuwon asida ya dube ni.

"Littafin ne ya hura ta, ko ni?"

"Kawu, ai ba maganar huri ba ce."

"To je ki ce wa littafin ya yi miki ɗaya."

Kwana biyu bai kira ni Uwata ba, Ustaza, wato Malama, yake ce mini, yana jan kalmar don in ji haushi. A rana ta uku na same shi ya ɗora tafin hannu a jikin kwalbar bayan ya kashe ta. Bai juyo ba ya ce, "Da ɗan ɗumi kam." Iyakar ba da haƙurinsa ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Wannan kwalbar mai fanka tana da labarin da mu huɗu kaɗai muka sani. Ranar da Yaya ya samu shiga kwalejin, Kawu da kansa ya ja masa kunne: "A can ni Usta ne, kai ɗalibi. Kada ka yi mini Hausa a gaban mutane, kada ka ce mini Kawu. In an tambaya, ɗan garinmu ne kai." Tsoro yake ji kada a riƙa yi wa yaron gori da asalinsa kamar yadda aka yi masa. A shekarar farko Yaya ya ɗauki kwalba mai fanka ta asali, ta Turawan, ba da izini ba, don ya burge abokai. Ta suɓuce masa ta fashe. Laifin kora ne babu tantama. Ya dawo gida ya zube gaban Kawu yana kuka da majina.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bari ya huce tukuna." Haka yake cewa a kan komai, gilashi ne, shayi ne, ko zuciya. Washegari ya tsince gutsattsarin ya ɓoye, ya ce wa malamai ya ɗauke ta ne don gyara. Sati shida yana tsayawa bayan an tashi aiki, ga azumi a baki. Huri da baki bushe ba wasa ba ne, leɓɓansa duk suka tsattsage. Ya lalata ba adadi kafin biyu su fito daidai. Ɗaya ya mayar gurbin ta Turawan, ba wanda ya gane. Ɗayar ya kawo gida, ita ce wadda muke kallo ranar Juma'a. Yaya ya riƙe hannunsa ya ce har ya mutu ba zai manta ba. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji.

Shekaru suka tafi. Yaya ya fita waje karatu, ya dawo Dakta, ya koma wata unguwa, Hausa ta fara yi masa nauyi a baki. Kawu ya yi ritaya. Sai shekara uku da suka wuce kwalejin ta ce za ta buɗe zauren tarihi, a baje kolin kayan farkon binciken ƙwayar zarra don 'yan makaranta da baƙi na waje su gani, aka ɗora Yaya a kan aikin. Ya zo gida da kansa, har da ledar lemo, ya durƙusa ya ce, "Kawu, in ba kai ba ba mai iya tayar da kayan nan."

Ku zo ku ga murna wurin tsoho! Wata biyar yana kama hafila da sassafe yana tsallaka gada, ido ya yi rauni, numfashi ya ragu, amma bai fasa ko rana ɗaya ba. Waɗanda suka sha iska ya sake zuƙe su, waɗanda suka fashe ya hura sababbi. Ya sake haɗa abin da yake kira tukunyar hazo, wadda in ka leƙa za ka ga fararen zare suna gilmawa, sawun ƙwayoyin da ba a gani. Ya ce wa Inna, "Dakta ya ce za a rubuta bayanin kowane abu a takarda, da wanda ya yi shi." Bai ce yana son ganin sunansa ba, ba zai taɓa faɗa ba. Amma ya kai yadi wurin tela aka ɗinka masa sabuwar jallabiya.

Ranar buɗewa katin gayyata bai zo ba. Ya ce aiki ne ya yi wa Dakta yawa. Muka je washegari, ranar da aka buɗe wa kowa da kowa, muka bi layi tare da 'yan makaranta. Zauren ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An jera hotunan masanan Turai a bango, kayan na cikin akwatunan gilashi, fitilu na haska su. Kawu ya tafi kai tsaye wurin mai fanka. Ya sunkuya ya matse ido a kan takardar, ya ce, "Uwata, rubutun ya yi mini ƙanana. Karanta mini."

Na karanta a zuci tukuna, Larabci a sama, Turanci a ƙasa. An ce ƙirar Turai ce ta asali, ta haura shekara ɗari. Na matsa ta gaba, haka. Ta gaba, haka. Har tukunyar hazon da ya gama haɗawa watan jiya. Na ce a raina ƙila kuskuren mai bugawa ne, na tsuguna in nemi sawun kaza don in nuna wa mai kula da zauren. Sai na ga an manna 'yar farar takarda mai lamba a gindin kwalbar, daidai kan sawun. Na duba ta biyu, na duba ta uku. Wata alamar tana ƙasa, wata a wuya, wata a bayan ƙarfe, amma kowacce takardar ta sauka a kanta cif. Mutum ɗaya ne a duk kwalejin ya san inda Kawu ke ajiye alamarsa.

"Me aka ce?" in ji Kawu.

Na gaya masa. Ya shafa gaban sabuwar jallabiyar. Can sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ikon Allah. Ashe aikina ya kai a ce na Turawa ne." Wani malami da ke jan ɗalibai ya ce masa da Larabci, "Baba, ɗan matsa, kada ka taɓa akwatin." Ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, ya matsa.

Na zaunar da shi wurin mai shayi na haura ofishin Yaya. Da Hausa na yi masa magana, da ƙarfi kuwa, ya tashi da sauri ya rufe ƙofa.

"Ke ba ki san yadda abubuwan nan suke ba," in ji shi. "Baƙin da suka taimaka aka yi zauren, kayan asali suka zo gani. In na ce wani tsoho ne ya hura su a Hillat Kuku, wa zai kalla?"

"Wani tsoho?"

"Kin san nufina. Kuma ke da kanki, za ki iya kama sunan Kawu gatsau ki rubuta a takarda kowa na karantawa? Ina kunya?"

Kai, jama'a! Tarbiyyar da Kawu ya yi mana ita ya ɗauko ya rufe shi da ita. Na ce, "Da hannun da ka manna takarda a kan sawun kakanmu, da shi kake jin kunyar?" Sai ya sauke murya ya faɗi wadda ta fi ci mini rai har yau. Ya ce, "Ai shi ya fara. Shi ya ajiye tasa a gurbin ta Turawa ya ce ita ce." Asirin da aka rufa masa da leɓɓa tsattsage cikin azumi, shi ya zama hujjarsa.

A hafila na gaya wa Kawu gobe zan koma in ɓamɓare takardun nan a gaban shugaban kwalejin. Da muka isa gida ya zauna a kan angarib, ya kira ni.

"Uwata, in kin tona, me za a yi wa Dakta?"

"Abin da ya dace da shi."

"Korarsa za a yi. A ce ɗan Hausa ya yi wa baƙi ƙarya. Gobe in wani yaronmu ya zo neman shiga, da wannan za a tarbe shi. Ban rufa masa yana ƙarami don in tona masa da furfura ba. Ki rantse mini, muddin ina numfashi ba za ki buɗe baki ba."

Na yi kuka, na yi faɗa, na ce shi ma ya ci amanar kansa, ya ci tawa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya bar ni na gama, ya ce, "Rantse." Na rantse. Har yanzu ina jin haushinsa a kan wannan, Allah ya yafe mini, mamaci ne amma ina ji.

Kada wani ya ce abin bai dame shi ba don ya yi dariya. Da ya yi ritaya ya kafa ɗan murhun hurinsa a bayan rumfa, yana yi wa matan unguwa kofuna da kwalaben turare. Tun daga ranar nan bai sake kunna shi ba. Inna ta ce kofunanta sun ragu, ya ce ta saya a kasuwa. Jallabiyar ya ninke ya ba mai ful. In Yaya ya leƙo da Sallah, Kawu ya tarbe shi da fara'a, ya tambayi yara, ya sa albarka, ba ya tambayar zauren. Shekara uku ke nan yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, yatsun na murza iska kamar da bututu a tsakaninsu.

Rana ta uku ta makoki, ranar da ake naɗe shimfiɗa, bayan an yi sadaka jama'a sun ragu, Yaya ya yi sallama ya shigo ɗakin Inna. Na ɗauka nadama ce ta kawo shi, har zuciyata ta fara saukowa, don ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Ya durƙusa, ya yi mata gaisuwa da Hausar da ta rage masa, idonsa ya yi ja. Sannan ya yi ta kame-kame, ya ce, "Inna, wata 'yar matsala ce. Mai fankar da ke zauren ta tsage watan jiya, kuma akwai baƙi masu zuwa. Na tuna Kawu ya yi biyu."

Ko kwana uku mutumin bai cika a ƙasa ba.

Na buɗe baki, Inna ta ɗaga mini hannu. Matar nan tun ranar Talata ba ta haɗa kalma goma ba. Ta jawo tire, ta tsallake kofunan kasuwa, ta ɗauko ɗaya daga cikin ukun da suka rage na Kawu. Ta zuba shayi, ta ajiye a gabanta har tururin ya ɗauke. Sannan ta miƙa masa.

"Sha, Dakta. Na Turawa ne."

Ya karɓa don ba yadda zai yi. Ya sha har ya kai ƙasa, ya tsaya yana kallon gindin kofin. Inna ta ce, "Ranar da takardarku ta faɗi wanda ya yi, ka dawo mu yi magana. Kwalba kuwa ya bar wa Uwarsa." Ya ajiye kofin a hankali ya fita. An yi arba'in, na je zauren da ƙafata na duba. Takardun na nan yadda suke, gurbin mai fanka an sa hoto.

Rantsuwata ta ƙare ranar da numfashinsa ya ƙare, shi da bakinsa ya yanka iyakar. Ban je wurin shugaban kwaleji ba, don na san ba zai so ba. Sai na buɗe akwatin ƙarfensa, na ɗauko kwalbar a naɗe cikin tsohon tobin Inna, da akwatin lantarkin, na rungume su a hafila har makarantar 'yan matan da nake koyarwa a Umdurman. Muka toshe tagogin aji da tabarmin masallacin makaranta, na aro batiri wurin direban shugabarmu, na jona. Gilashin ya kama kore, fankar ta motsa, ta mirgina har ƙarshen layi. Ajin ya kaure da salati da ihu.

Da na buɗe taga wata daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaza, daga wace ƙasa aka kawo ta?"

Na ce, "Daga Hillat Kuku." Suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake. Na juya kwalbar na zagaya da ita tebur-tebur, kowacce ta ga sawun kaza. Na ba su labarin buhun auduga da gawayi. Na ce kawuna ne ya hura ta, da azumi a bakinsa.

"To ya sunansa, Ustaza? Mu rubuta."

Na tsaya da alli a hannu. Shekara arba'in da wani abu harshena bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Na ji kamar yana bayana zai ce, Uwata, ina kunya? Na ce a raina, Kawu, ka yafe mini, kunyar nan an riga an cuce ka da ita sau ɗaya. Na rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, da na kakana a gaba. Sannan na juyo na faɗe shi da bakina, na sake faɗa har na bayan suka ji.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka da hannuwa masu tabon wuta. Ka sanyaya masa makwanci, ka yafe masa, ka rubuta masa aikinsa da sunansa a inda ba mai manna takarda a kai. Ban goge allon ba da aka tashi. Na tsaya a bakin ƙofa ina duba littafin kowacce kafin ta fita, in tabbata ta rubuta shi daidai.